Amsa ga mai son fara haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako: kada ka fara da Victory

Wa alaikumus salam Malam, na ga tambayarka. Ka ce ka ci karo da bidiyon wani dattijo da ya haɗa samfurin jirgin HMS Victory na katako, abin ya shiga ranka har kana shirin yin odar kit ɗinsa, wato kwalin kayan haɗa shi, daga waje, kana tambaya ko ya dace ka fara da shi, wane kayan aiki za ka tanada, sannan mutanen gida suna ce maka wasan yara ne. Toh bari in amsa maka gwargwadon abin da hannuna ya taɓa, don na daɗe ina wannan aikin kuma ina son in ga mutanenmu sun shigo cikinsa.

Maganar farko, don Allah ka ajiye batun Victory tukuna. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, so nake ka kai gare shi wata rana da hannun da ya iya. Shi Victory na gaskiya an sake shi a ruwa a 1765 a Chatham, shi ne jirgin Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, a yaƙin Trafalgar a 1805, yana ɗauke da igwa 104, kuma har yau yana nan a Portsmouth a Ingila. Igiyoyin da suka riƙe sandunansa da filafilansa in aka jona su sun kai wajen kilomita 42. Duk wannan fa kit ɗin so yake ka maimaita shi da zare da ƴan itatuwa. Na kamfanin Caldercraft mai sikelin 1:72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72, tsawonsa ya doshi mita ɗaya da santimita arba'in, ƙasan jirgin kaɗai sai ka manna masa ƴan farantai na jan ƙarfe sama da dubu biyu ɗaya bayan ɗaya, ga igwa kowacce da kekenta da igiyoyinta. Mutanen da suka goge ma shekaru suke yi a kansa. Abin da na gani sau da yawa shi ne mutum ya kashe maƙudan kuɗi, ya buɗe kwali da ɗoki, ya haɗa ƙashin jirgin cikin sati ɗaya yana murna, daga ya zo wajen jera filanki a goshin jirgi abu ya ƙi lanƙwasuwa sai jiki ya yi sanyi, a tura kwalin ƙarƙashin gado, shikenan an rabu.

Ka fara da jirgi mai sanda ɗaya ko biyu, ko ma kwale-kwale. Kamfanin Model Shipways na Amurka yana da jeri na guda uku da aka tsara musamman don ɗan koyo, ana farawa da ɗan kwale-kwalen masunta Lowell Grand Banks Dory a sikelin 1:24, sai Norwegian Sailing Pram a 1:12, sai Muscongus Bay Lobster Smack a 1:24, kowanne yana ƙara maka darasi a kan na baya. Idan kuma ranka ya fi son wanda ya yi kama da jirgi sosai tun farko, akwai Polaris na kamfanin OcCre na Sifen a 1:50, yana da hotunan mataki-mataki da bidiyo, ko Sherbourne na Vanguard Models na Ingila a 1:64, wanda ɗan ƙaramin jirgin sojan ruwan Ingila ne na 1763, sandarsa ɗaya, amma yana da igwa da anga da igiyoyi irin na Victory ɗin da kake so. Ni da ni ne kai Sherbourne zan ɗauka ko Polaris. Shi sikelin nan ma'anarsa mai sauƙi ce, 1:64 na nufin santimita ɗaya a teburinka santimita 64 ne a jirgin gaske, wato mutum mai matsakaicin tsawo zai dawo bai kai santimita uku ba. Duk sanda lambar ta ƙaru kayan suna ƙara ƙanƙancewa, ido da yatsu su ƙara wahala.

Ka san me zaka tarar a kwalin, don wasu suna zaton irin na roba ne da ake haɗawa ƙyas-ƙyas. Zaka ga allunan filawud ko MDF da na'urar yanka ta leza ta yayyanka, a ciki akwai ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa, sai dami-damin siraran filanki kamar tsinken tsintsiya mai faɗi, sai sanduna zagayayyu waɗanda kai ne zaka fiƙe su su zama jigajigan filafilai, sai zare kala-kala, da ƴan ledoji na igwa da anga da ƙananan kurar igiya, da manyan takardun zane. Jikin jirgin babu shi a kwalin, kai zaka samar da shi da hannunka. Wani abu da yake faranta min rai, yawancin katakon nan na gida ne ya je yawo ya dawo. Jan katakon da kamfanonin Sifen suke sakawa na rufin waje sapele ne, sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo, shi kuma farin nan mai laushi da Billing Boats na Denmark suke yawan amfani da shi obeche ne, wanda kafintocinmu suka sani sarai.

Kayan aiki kuwa kada ka bari shagunan intanet su ruɗe ka da saiti-saiti masu tsada. Wuƙar yanka mai canjin baki da reza masu yawa don bakin yana dakushewa da wuri kuma dakusasshen baki yaga katako yake yi, rular ƙarfe, ƙaramin sikwaya na kafinta, samfefa mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi kamar lamba 80 da 180 da 320, ƙananan magagari, matsefata mai tsini, abin huda na hannu da ake murzawa da yatsu da bakunansa daga rabin milimita zuwa milimita biyu, maƙalan shanya, kyauro, fil mai kai, fensir mai tsini. Rabin waɗannan a wajen masu kayan gyaran waya da masu kayan ɗinki zaka same su. Gam ɗin da zaka fi amfani da shi farin gam ne na kafinta irin Top Bond, shi yake baka lokaci ka daidaita abu, kuma in ka yi kuskure ɗan ruwan ɗumi yana sassauta shi. Sufa gulu ka barshi sai wajen haɗa ƙarfe da katako, ɗigo ɗaya a bakin allura, saboda in ya zuba a kan katako tabon baya fita kuma banish baya kama wurin, ga tiririnsa yana damun ido da hanci, ka riƙa buɗe taga. Ka lura kuma fenti da gam sau da yawa ba a yarda a turo su ta jirgin sama, don haka ka shirya nemansu a gida, sannan ka lissafa kuɗin dako da na kwastam kafin ka danna saye don wani lokacin su kaɗai sai su kusa kamo kuɗin kit ɗin.

Yanzu in zo inda aikin yake da gaske. Kaso mafi girma na kyan jirgi ko muninsa ana yanke shi ne kafin a manna filanki ko ɗaya. Ka fara ɗora allon ƙashin baya a kan gilashi ko tayil ka gani ko ya kwanta sak, in ya ɗan karkace ka jiƙa shi kaɗan ka danne da littattafai masu nauyi kwana biyu. Ka yi masa mariƙi, katako biyu miƙaƙƙu a kafe a kan allo su matse shi a tsakiya. Kowane haƙarƙari ka gwada shi a gurbinsa ba gam tukuna, ka goge baƙin ƙunar leza a inda gam zai kama, sannan ka manna da sikwaya a jikinsa, ka jira ya kama kafin ka taɓa na gaba. Bayan nan sai matakin da ƴan koyo suka fi tsallakewa, wato gyare bakin haƙarƙarin. Leza a miƙe take yanka su, shi kuma jikin jirgi lanƙwasa yake yi zuwa goshi da baya, toh in ka bar bakunan yadda suke filanki zai taɓa ƙusurwa ɗaya ne kawai, ba inda gam zai kama, kuma jikin zai fito da ƙusumbi-ƙusumbi. Ka manna samfefa a jikin ɗan dogon katako wanda zai haye haƙarƙari uku a lokaci ɗaya, ka riƙa gogawa a hankali, jifa-jifa ka ɗauki siririn filanki ka kwantar a jiki ka sa ido ta gefe, ya zama ya kwanta luf a kan kowane haƙarƙari ba rata ba tudu. Ni ina barin siririn layin baƙin leza a gefen da ya fi faɗi, in layin ya ɓace na san na ci da yawa. Wannan aikin yana iya cinye maka maraice uku ko huɗu kuma in wani ya leƙo ba zai ga abin da ya canza ba, amma ka daure. Tsakanin haƙarƙarin farko da na biyu a goshi, da na ƙarshe a baya, ka cusa guntun katako mai laushi ka sassaƙe shi daidai da siffar jirgin, obeche yana yin wannan da kyau, nan ne filanki zai samu wurin kwanciya a inda lanƙwasar ta fi tsanani.

Shi jera filanki lissafi ne kafin ya zama aikin hannu. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma adadin filankin da ya ratsa ciki shi ne zai isa goshi, kenan dole kowanne ya sirance yayin da yake tafiya gaba. Ka yanko siririyar takarda ka auna bakin kowane haƙarƙari daga sama zuwa ƙashin baya. A ce na tsakiya ya baka milimita 100 kuma filankinka faɗin milimita 5 ne, guda 20 kenan. In na kusa da goshi ya baka 60, ka raba 20, kowane filanki a wurin milimita 3 zai zama. Ka saka ɗigo-ɗigo da fensir a jikin haƙarƙarin, ka riƙa rage gefe ɗaya kawai na filankin, ɗaya gefen ka barshi a miƙe. Ƙa'idar masu ƙera jirgin gaske ita ce kada filanki ya sirance ya gaza rabin faɗinsa, kuma kada ya ƙare da tsini kamar mashi, don a jirgin gaske ba inda za a kafa ƙusa a tsini. A bayan jirgin kuma akasin haka ake samu, wurin buɗewa yake, sai ka cike ratar da ɗan guntun filanki.

Lanƙwasawa zafi ne yake yinta, ruwa taimako kawai yake wajen kai zafin cikin katakon. Ni fulas nake cikawa da ruwan zafi in tsoma kan filankin kamar minti goma sha biyar, sannan in bi shi da dutsen guga a kan gwangwani ko da ƙarfen lika na masu gyaran rediyo, ina dannawa kaɗan-kaɗan har ya ɗauki siffa, zaka ji shi a yatsunka lokacin da ya saki jiki. In ba wuta, ka ɗora gwangwanin madara a kan kyandir ya yi zafi ka lanƙwasa a bayansa. Daga nan ka maƙale shi a jikin jirgin ba gam, ka barshi ya bushe ƙarau, sannan ka manna. Kuma ɗaya dama, ɗaya hagu, kullum. Jirgina na farko a nan na rasa shi, na jere gefe guda gaba ɗaya da jiƙaƙƙen filanki saboda ina son in ga ya fara kama da jirgi, da suka bushe suka ja ƙashin bayan ya karkace, in ka kalle shi ta goshi sai kaga bayansa ya leƙo gefe, na yi duk dabarar da zan yi bai miƙe ba. Ranar na ji ciwo sosai don wata biyu na aiki ne ya tafi.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne yawancin kit na Turai rufi biyu ne. Na farko farin katako mai kaurin wajen milimita ɗaya da rabi, shi ba mai ganinsa, ka cike ramukansa da garin katako da ka kwaɓa da farin gam ka goge har tafin hannunka ya daina jin gargada. Na biyu siriri ne, wajen rabin milimita zuwa ɗaya, shi ne fuskar jirgin. Ka ɗauki na farkon a matsayin makaranta, ka yi shi da lissafin nan duk da za a rufe shi, don hannunka ya saba kafin ka zo na biyu.

Akwai abin da littafin cikin kwalin ba zai gaya maka ba saboda ba don yanayinmu aka rubuta shi ba. A nan arewa lokacin hunturu danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma ya haura kashi 70, shi ko katako numfashi yake da iska, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ta tsawo kusan baya motsi. Kaga filankin da ka jera a watan Agusta suna manne da juna, zuwa Janairu sai ka tarar da siraran tsaga a tsakaninsu. Saboda haka in kit ya iso ka buɗe ledojin katakon ka barsu a ɗakin da zaka yi aiki sati biyu su saba, a ɗaure da kyauro a kan shimfiɗaɗɗen wuri don kada su murɗe. Ni na fi son yin rufin waje da rani, in na gama in shafe cikin jirgin da farin gam da aka tsinka da ruwa tun kafin a rufe daɓen sama, wajen kuma banish marar ƙyalli shafi biyu ko uku. Da hunturu gam yana bushewa da sauri fiye da yadda kake gani a bidiyo, ka riƙa shafa kaɗan-kaɗan, kuma siraran filankin suna yin gautsi, ka yanka da sabuwar reza. Zare ma haka, na auduga ko lilin tsukewa yake da danshi ya saki da bushewa, in ka ɗaure shi tamau a watan Fabrairu toh damina na zuwa zai ja siraran sandunan sama su lanƙwashe. Ko ka bar masa ɗan sassauci ko ka nemi na foliyesta wanda bai cika damuwa da yanayi ba.

Igiyoyi in ka iso wurin zaka ga ba su kai yadda suke ba da tsoro ba. Kashi biyu ne, baƙaƙe su ne tsayayyu masu riƙe sanduna, a jirgin gaske kwalta ake shafa musu don kada ruwa ya ruɓar da su shi ya sa suke da duhu, masu ruwan ƙasa-ƙasa kuma su ne masu motsi da ake jan filafilai da su. Tsayayyun ake fara ɗaurawa, daga ƙasa zuwa sama, daga tsakiya zuwa waje don kada hannunka ya rasa hanyar shiga. Ka ja zaren a jikin kakin zuma ya kwantar da gashinsa, ƙulli kuma ka ɗiga masa tsinkakken farin gam, sufa gulu yana sa zare ya ƙage ya karye daga baya. Matakalar igiyar nan da matuƙa suke hawa ita ce mai cin rai, ƙulli iri ɗaya ɗaruruwa, ka zana layuka a kati ka saka a bayanta ya zama maka jagora, ka riƙa yin layi biyar ko goma ka tashi.

Batun masu cewa wasan yara ne, ka yi musu uzuri, abin da suka sani motar kara da ta langa-langa da muka yi muna yara, kuma ni ban raina wannan ba don can hannun da yawa daga cikinmu ya fara koyon auna abu da ido. Amma ka gaya musu a 1920 an buɗe kabarin wani babban bafada mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar aka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, sun kai shekara kusan 4000, yau wasu suna gidan tarihi na Alƙahira wasu suna New York. A Ingila kuma tun ƙarni na 17 ake ƙera samfurin jiragen yaƙi, galibi a sikelin 1:48, da yawansu suna gidan tarihin teku na Greenwich, masana suna komawa kansu don sanin yadda aka gina jiragen da tuni suka ruɓe. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon har da ƙashin naman da aka basu suka riƙa sassaƙa jirage suna sayarwa.

Lokaci kuwa, ƙaramin jirgi mai sanda ɗaya ni wajen wata huɗu yake ɗaukata in ina samun awa ɗaya bayan isha'i da ɗan ƙari ranar hutu, ɗan kwale-kwale kuma sati uku zuwa huɗu. Ka samu fitila mai caji mai farin haske, ka ware faranti mai murfi na ƙananan kaya, ka nisanta reza da fil da sufa gulu daga inda yara suke kaiwa. Tun kafin ka gama ka kai awon jirgin wajen masu aikin gilashi da alminiyam su haɗa maka akwati, ka ƙara kamar santimita biyar ta kowane gefe, don ƙurar hunturu in ta shiga cikin igiyoyin nan ba tsumman da zai fitar da ita, kuma ka ajiye shi nesa da hasken rana da bangon da gara take bi.

In ka yanke shawarar wanda zaka saya ka faɗa min kafin ka biya. Sannan in ka haɗa haƙarƙarin ka goge, ka ɗauko min hoto ta goshi da ta sama da siririn filanki a kwance a jiki, in duba maka kafin ka taɓa gam. Allah Ya sa albarka a aikin.